Ƙyallin mota a ƙasar ƙura (Zare)

1/ Jama'ar Zamfara masu mota, musamman mu da muka sayi ta farko da kuɗin da muka daɗe muna tarawa, ku matso. Yau kan fenti zan yi magana. Babban abin da ke kashe ƙyallin motocinmu a Gusau shi ne busasshen tsumman nan da ake goge ƙura da shi kullum da safe. Ku biyo ni a hankali.

2/ Tawa baƙar Corolla ce. A Gusau nake aiki, mahaifana suna Bungudu, kuma hidima tana kai ni Tsafe akai-akai. Wato kullum tana kan titi tana shan rana da ƙura. Shekara 4 tana hannuna, har yau in na yi fakin sai an tambaye ni wa ya yi mini fenti. Na kamfani ne, ba a taɓa sake shi ba.

3/ Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai na sama wanda garau yake kamar gilashi. Masu fenti suna ce masa kiliya. Duk ƙyallin da kake gani nasa ne, kuma shi ke tare zafin rana kada launi ya koɗe.

4/ Kaurin wannan kiliyar kusan maikiron 40 zuwa 50 ne. Takardar da kake bugawa a shagon kwamfuta ta kai wajen maikiron 100. Wato abin da ke tsakanin motarka da ranar watan Afrilu ta Gusau bai kai kaurin takarda ɗaya ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

5/ Ƙurar hunturu kuwa, wadda iska ke kwasowa daga Sahara tun wajen Nuwamba har Fabrairu, akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi fenti tauri nesa ba kusa ba. In ka ɗora busasshen tsumma a kai ka murza, gurzar motar kake yi da yashi, da hannunka.

6/ Gwada ka gani. Da dare, kunna fitilar wayarka ka haska bonet. Waɗannan siraran zanen da suka zagaye hasken kamar saƙar gizo-gizo, su ne sawun tsumma. Su ke wargaza haske, sai baƙar mota ta koma toka-toka ko da yanzu aka wanke ta.

7/ To sai a ce a kai ta a yi mata folish. Ka san me folish ke yi? Kankare saman kiliyar yake yi kaɗan har ya daidaita da zurfin zanen. Shi ya sa take fitowa fes. Amma abin da aka kankare ya tafi ke nan, ba ya tsirowa. Cire kuɗi ne daga asusun da ba a zuba masa.

8/ Wani abokina duk Sallah sai ya kai tasa an sa mata inji, ƙarama da babba, ga na bukukuwa. Cikin shekara 3 rufin motar ya fara yin fari-fari, daga baya ya riƙa ɓarewa kamar fatar albasa. A wannan matakin babu man da zai gyara, sai sabon fenti.

9/ Da ya tashi sayarwa, dillali ya shafa rufin ya ce, "Alhaji, wagga an taɓa ta." Shi ke nan, farashi ya faɗi. Motar da ke da fentin kamfani daban take a kasuwa, domin mai saye in ya ga sabon fenti, haɗari yake fara zargi, ko da rantsuwa za ka yi masa.

10/ Ga yadda nake yi. Ba a taɓa jikin motata da komai sai an fara kwarara mata ruwa, ƙura ta sauka da kanta. Sannan bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso kafin a mayar da shi cikin kumfar. Daga rufi ake farawa a gangaro. Tayoyi da sosonsu daban.

11/ Omo na wanki ne, ba na mota ba. Yana wanke man kariyar da ka shafa, yana kuma busar da robobi. Sabulun wankin mota na ruwa ya fi, kwalba ɗaya tana daɗewa. Tsumma kuma a nemi tawul mai laushin nan na maikirofaiba. In ya faɗi ƙasa, sai an wanke shi.

12/ Kada a wanke ta da rana tsaka. Ruwan burtsatse in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yana barin tabon fari mai cin fenti. Da sassafe ko bayan la'asar, a inuwa, kuma a tsane ruwan nan take.

13/ Inuwar ma da sharaɗi. Gindin darbejiya akwai daɗi, amma kashin tsuntsu da na jemage in suka sha rana a kan fenti suna barin tambari. Ina ajiye gorar ruwa a but saboda haka. A jiƙa shi ya yi laushi, a ɗauke, ban da kankara da farce.

14/ Sai kariya. Wakis daban, folish daban, kada a haɗe maka su. Wakis ba ya kankare komai, rufi yake yi a sama. Mai kanuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Brazil, yana ba da ƙyalli mai zurfi amma zafinmu na cinye shi da wuri. Na haɗin kamfani ya fi jurewa, yakan kai watanni.

15/ Ni sau 3 nake shafawa a shekara: kafin hunturu, kafin zafin bazara, da farkon damina saboda jar laka. Alamar yana aiki ita ce ruwa ya riƙa dunƙulewa a jiki. In ya fara shimfiɗewa, lokaci ya yi. Mai son siramik, yana daɗewa har shekaru, amma bai hana yashi zane.

16/ Yaron da ke wanke mini, ranar farko da na ce bokiti biyu, dariya ya yi: "Yallaɓai, mota ce ko jariri?" Na ƙara masa wani abu kan kuɗinsa, don ruwa saye yake yi kuma aikin ya ƙaru. Yanzu shi ke hana abokan aikinsa taɓa ta da tsummansu.

17/ In zanen ya riga ya yi yawa, yi folish sau ɗaya wurin wanda ya iya, ba mai danna inji har fenti ya yi zafi ba. Daga nan ka tsare abin da ya rage. In ka dawo daga Tsafe, ka wuto Kwatarkwashi mota ta yi buɗu-buɗu, kuma babu ruwa, ka bar ta da ƙurarta har gobe. Wa ya gwada fitilar waya? Ku turo hoton bonet mu gani.