Gidan da Ya Karkace Amma Bai Faɗi Ba

Daga Manchesta muka nufi kudu, muka ratsa garin Congleton a lardin Cheshire na ƙasar Ingila. Daga nan sai filaye kore shar, shanu na kiwo babu makiyayi a bayansu. Mota na shan kwana sai ga gidan a gabanmu. Wallahi na daɗe a tsaye baki buɗe. Gini ne na katako, ƙofarsa mai hawa uku, an ƙawata shi da zanen baƙi da fari daga ƙasa har sama, amma duk ya karkace. Benen sama ya turo ciki waje, tagogi sun lanƙwashe, rufi ya lotsa. Na tambayi abokin tafiyata ko da gaske ana barin mutane su shiga ciki. Ya ce ai fiye da shekara 400 ke nan yana tsaye a haka.

Sunan gidan Little Moreton Hall. Wani mai gonaki, William Moreton, ya fara gina shi wajen shekarar 1504, 'ya'ya da jikoki suka yi ta ƙari har wajen 1610. Zuriyar ba 'yan sarauta ba ne. Masu ƙasa ne da suka tara filaye bayan babbar annobar 1348, arziki ya zauna, suka so kowa ya shaida. Shi ya sa suka kewaye gidan da rami cike da ruwa, faɗinsa kusan mita 10, sai ta gadar dutse ake shiga. Ya tuna mini ramin bayan ganuwar Kano, sai dai masana sun ce wannan na nuna isa ne, ba na tsoron mahara ba.

Da muka shiga tsakar gida, wadda aka daɓe da duwatsu, sai na rasa inda zan fara kallo. Tagogi biyu manya sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, sun kumburo waje, kawunansu har suna haɗuwa. Gilasan ƙanana ne, wasu ba su kai tafin hannu ba, an ɗaure su da darma, kuma a gidan gaba ɗaya sun kai wajen 30,000. A wancan zamani gilashi sai mai hannu da shuni. A saman tagogin an sassaƙa rubutu a jikin katako, da shekarar 1559, da sunan kafintan da ya yi aikin, Richard Dale, yana cewa da yardar Ubangiji ya yi. Wannan ya burge ni ƙwarai. Mu ma muna da Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya, amma sunansa a bakin mutane ya rayu. Nan kuwa mai gida ya bar ma'aikacinsa ya sa suna a goshin gini, dab da nasa.

Muka hau wata matattakala mai murɗewa zuwa dogon ɗakin sama, mai tsawon mita 21, tagogi dama da hagu. Ina tafiya ƙasa na hawa da sauka a ƙarƙashin ƙafata, har na dafa bango. Wata dattijuwa mai yi wa baƙi bayani ta warware mini sirrin. An ɗora ɗakin ne daga baya, a kan benen da ba a shirya shi don wannan kaya ba, aka kuma rufe shi da fala-falan duwatsu masu nauyin kusan tan 32. Nauyin ne ya danne katakon ya tura bango waje. A ƙarshen ƙarni na 19 aka ɗaure shi da sandunan ƙarfe, daga baya aka ƙara wasu a ɓoye. A nan iyalin gidan ke motsa jiki idan ruwa ya hana fita, har an tsinci tsofaffin ƙwallayen wasa a bayan allunan bango.

Dattijuwar ta kuma nuna mini wani tabon ƙuna a jikin ginshiƙi, dogo mai siffar ɗigon hawaye, ya ci katakon ya yi ɗan rami. Akwai irinsa fiye da 200 a gidan. Masana na ganin da gangan aka yi su da harshen kyandir, don neman tsari daga gobara da mugun abu. Na yi mamakin mai gidan katako da zai kara wa gidansa wuta don gudun wuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda gidan ya tsira. A yaƙin basasar Ingila iyalin Moreton sun bi bayan Sarki Charles na Ɗaya. A 1643 aka ƙwace gidan, sojojin majalisa suka sauka a ciki. Ko da ya dawo hannunsu, bashi ya riga ya yi musu katutu, sai suka ba manoma haya har sama da shekara 200. Manoman sun zauna a sashe ɗaya, suka mai da sauran wurin ajiya, har ɗakin ibada ya zama ma'ajiyar gawayin kwal. Da yake babu mai kuɗin rushewa ya sake na zamani, sai ginin ya zauna yadda magina suka bar shi. A 1892 Elizabeth Moreton ta gaje shi ta soma gyara, a 1938 kuma aka miƙa shi ga ƙungiyar National Trust, wadda ke kula da shi har yau.

Na yaba wa mutanen nan, domin sun ga tsohon gida ya karkace, suka tallafe shi maimakon su sa masa gatari. Mu ma muna da soraye da zauruka na ƙasa a Kano da Zariya da Damagaram, waɗanda damina ke ci, siminti ke korewa. Duk wanda ya gaji irin wannan gida, don Allah ya yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka.