Sargiyef Posad, Garin 'Yar Tsana Mai 'Ya'ya a Ciki

Daga tashar jirgin ƙasa ta Yaroslafski da ke birnin Mosko, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce zuwa Sargiyef Posad, kimanin kilomita 70 arewa maso gabas. Yawancin waɗanda muka shiga jirgi tare, wani tsohon gidan ibadar Kirista mai ƙubbobi shuɗaye da na zinare suka nufa, wanda aka kafa tun ƙarni na 14. Mu kuwa 'yar tsana ce ta kai mu.

Ɗalibai, wataƙila kun taɓa ganinta a hoto: mace ce ta katako, mai jajayen kumatu, ta ɗaura kallabi. Ka murɗa ta a ƙugu ta rabu biyu, sai ga wata ƙarama a ciki, ita ma ka buɗe, ga wata, har ka kai ga 'yar auta wadda ba ta buɗuwa. Rashawa na kiranta matiriyoshka, daga Matiriyona, sunan mata da ya yawaita a ƙauyukansu a da.

A gidan tarihin kayan wasan yara na garin ake ajiye da wadda ake ɗauka ita ce ta farko. Ba ta kai yadda mutane ke zato tsufa ba. A shekarun 1890 aka yi ta a Mosko: Basili Zibiyozdockin ya sassaƙa, mai zane Sargei Malyutin ya yi mata fenti. Guda 8 ne, ta waje yarinya ce rungume da baƙin zakara, ta can ciki jaririya. Da aka kai irinta baje kolin duniya na birnin Faris a 1900, ta samo lambar tagulla, kasuwa ta buɗe, masu sana'ar Sargiyef Posad suka rungumi aikin.

Inda muka fi daɗewa shi ne wurin masassaƙi. Itacen wata bishiya ce mai suna lipa, mai laushi da rashin nauyi, kuma sai an ɓare shi an bar shi ya sha iska wajen shekara biyu. A yi gaggawa, 'yar tsana ta tsage a hannun wanda ya saya. Masassaƙin yana ɗaura gungumen a kan inji mai juyawa, yana kai masa ƙarfe mai kaifi, ɓawon katako na zuba kamar taliya. Da 'yar auta yake farawa, sannan ya rarake wadda za ta haɗiye ta, haka har zuwa uwar. Ba mu ga ma'auni a hannunsa ba, ido ne da yatsa. In bakin ya yi faɗi da kaurin farce, murfi ya riƙa faɗuwa. In ya matse, ba mai iya buɗewa.

Bayan nan sai a shafe ta da koko na sitaci don kada fenti ya nashe, a zana, a bi da man ƙyalli. Kowane gari da salonsa. Ta Sargiyef Posad sanye take da tufafin 'yar ƙauye, ta garin Semiyonof kuwa an san ta da ƙaton furen da ke gabanta.

Me ya sa wata ke da arha, wata kuma masu tara kayan tarihi ke rububinta? Da muka koma Mosko muka shiga kasuwar Izmailobo, can muka ga bambancin. Akwai waɗanda hoton inji kawai aka manna musu, fuskokinsu duk ɗaya. Akwai na raha, irin waɗanda suka yi tashe zamanin Gorbachof, inda za ka buɗe shi ka tarar da Birezhnef, can ƙarshe Lenin ɗan mitsitsi. Masu sanin kan kaya ba sa ɓata lokaci a kan uwar. Suna zazzage ta duka, su ɗauki 'yar auta su duba ko an zana mata ido da baki da kyau, su ƙirga yawan 'ya'yan, su saurari yadda murfi ke shiga, sannan su kifa ta su nemi sa hannu a gindi.

Abin da ya ɗan tsaya mana a rai shi ne, galibi mai fenti ne ke sa hannun. Masassaƙin da ya haɗa guda 10 ko 20 suka zauna daram cikin juna, sunansa bai cika fitowa ba, alhali koyon aikinsa na cin shekaru. Kundin Guinness ya rubuta wata mai guda 51 da aka kammala a 2003. Babbarta ta haura santimita 53, 'yar autarta kuwa kimanin milimita 3 ce kacal.