Watanni ukun da muke ɓoyewa

A ƙasarmu, daga Kazaure zuwa Roni da Gwiwa har Babura, ba daga bakin amarya ake jin ta samu ciki ba. Uwar miji ce ke lura ta fara gudun ƙamshin daddawa, tana yawan tofar da yawu, barci na kwashe ta da hantsi. Sai a yi murmushi, a ce laulayi ne, a ja baki a tsuke. Awo kuwa sai ciki ya turo zani, wata biyar ko shida.

Ina ganin girman kunya, da ita aka raine mu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, cikin watanni ukun farkon nan na shiru ake ƙera ɗan gaba ɗaya.

Kwana 28 da shigar ciki, jijiyar da za ta zama ƙwaƙwalwa da laka ta riga ta rufe, sau da yawa kafin matar ta tabbatar ta yi ɓatan wata. Ƙaramar ƙwayar folik asid da ake bayarwa a wajen awo, babban aikinta a wannan lokacin yake. A mako na 6 zuciya ta fara bugawa. Kafin mako na 12 ya cika, tsawon ɗan bai wuce babban yatsa ba, amma hannu da ƙafa da yatsu da ƙoda duk sun fito. Saura girma da ƙwari. To a waɗannan makonni ne yarinya ke shan jiƙon da maƙwabciya ta miƙo, ko ta aika kemis a haɗo mata maganin zazzaɓi, mai kemis bai san da ciki ba, ita kuma kunya ta hana ta faɗa.

Motsin da ake jira kafin a yarda akwai ciki, mai cikin fari ba ta cika jin sa ba sai wajen mako na 18 zuwa 20. An riga an ci rabin tafiya.

Jikin uwa ma ba zaune yake ba. Jininta na ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi, sai dai ruwan jinin ya fi jajayen ƙwayoyin yawan ƙaruwa. In dama abincinta tuwo ne da miyar kuka safe da dare, nan da nan ƙarancin jini zai kama ta. Ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba, ku buɗe tafin hannunta. In sun yi fari fat, tana haki daga ɗaki zuwa bakin randa, tana neman farar ƙasa ta ci, wannan ya wuce kwaɗayin masu ciki. Zogale da wake da hanta da ƙwai suna taimakawa, haɗe da maganin ƙarin jini. Kada ta bari don ta ga bayan gidanta ya yi baƙi, aikin maganin ke nan.

Sai zazzaɓin cizon sauro. Da damina, in ruwa ya kwanta a kududdufai da bakin dam, sauro ya yawaita, ƙwayar cutar kan je ta maƙale a mabiyiya, ta tare wa ɗa abinci, a haife shi ɗan ƙarami, alhali uwar wataƙila ko zazzaɓi ba ta ji ba. Shi ya sa daga wata na huɗu ake ba ta Fansidar duk wata, aƙalla sau uku, da gidan sauro.

Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke sacewa in an kwana, ba abin tsoro ba ne. Amma in fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai mai tsanani, ga ganin dishi-dishi, kada kowa ya ce iska ce a kawo hayaƙi. Hawan jinin ciki ne, yakan taso bayan mako na 20, ƙarshensa jijjiga. Ana gano shi da wuri ta awon jini a dantse da gwajin fitsari. Kuma abin da ya fi ɗaga mini hankali: cizon sauro da jijjiga duk sun fi afka wa mai cikin fari, wato wadda ta fi kowa kunyar magana.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau takwas, na farko kafin mako 12 ya wuce. Ga Babban Asibitin Kazaure, ga ƙananan asibitoci a mazaɓunmu.

Inna, ke kika fara ganewa. Ba sai kin sa ta ta furta ba. Ki ce mata ta ɗauko mayafi ta raka ki asibiti, sauran zancen malamar awo ta san yadda za ta yi da shi. Maigida, kuɗin mashin da izinin fita a hannunka suke, ka bayar tun ba a roƙa ba. In kuma lokacin goyon ciki ya yi za ta koma gidan iyayenta, a sa katin awon a cikin kayanta, a kai shi asibitin da ya fi kusa da can a makon da ta sauka, a kuma yi magana da mai motar da za a kira in naƙuda ta taso cikin dare.