Kuɗin da bayi suka tara

Na daɗe ina koyar da tarihin cinikin bayi a wata sakandare kusa da Kwandiko, kuma akwai maganar da nake nanata wa ɗalibai ba tare da ɗar ba: wai siffofin waliyyan Katolika baƙar fata da ke majami'un Birazil, iyayengijin bayi ne suka biya aka sassaƙa su, don bawa ya ga mai kama da shi ya kwantar da kai. Ban karanta haka a ko'ina ba. Zato ne ya yi mini daɗi a baki, na mai da shi darasi.

Hoton da nake nunawa na Benedito ne, baƙin mutum cikin doguwar riga ruwan ƙasa, ƙugu ɗaure da igiya, ya tattaro furanni a gaban rigarsa. Ɗan bayin Afirka ne, haifaffen tsibirin Sisili, ya rasu a 1589. Sai a 1807 Fafaroma ya ayyana shi waliyyi, amma tun kafin nan baƙaƙen Birazil suka riƙe shi majiɓinci.

Wani abokin aikina Kirista ne ya tare ni bayan an tashi, ya ce, "Malam, ka tabbata su suka biya?" Na yi shiru. Da na koma bincike, kunya ta rufe ni. Majami'ar Rosariyo ta baƙaƙe da ke birnin Salbado a Bahiya, wadda aka soma a 1704, ƙungiyar bayi da 'yantattu ce ta gina ta da guminta, aikin ya ci shekaru masu yawa. Da yawansu suna fita neman kuɗi a gari su biya ubangida kasonsa, irin murgun da aka sani a ƙasar Hausa, abin da ya rage kuma su yi zubi da shi. Daga irin wannan asusu ake biyan masassaƙi, a binne mamaci da mutunci, a duba marar lafiya, wani lokaci har a taimaka wa wani ya fanshi kansa. Hukuma da coci sun ci moriyar tsarin, babu musu, amma aljihun da aka taɓa na bayin ne.

Na san inda na karkace. Ina alfahari da Hausawan Bahiya da suka ƙulla tawaye a 1807, da Musulmin da suka fito a 1835 da layu a jikinsu, har na ɗauka duk wanda bai zare takobi ba ya miƙa wuya ke nan. Addinina bai yarda da siffa ba, kuma ina nan a kan haka. Amma wannan bai ba ni ikon ƙwace wa mutane aikin hannunsu in ba azzalumansu ba.

Ajin da na tarar na gyara musu a allo. Waɗanda suka riga suka gama kuwa, wasunsu yanzu suna koyarwa a makarantun Gwaram da kewaye, kuma maganata ta farko ce a littattafansu.