Jaridun Adakar Kakata da Yaƙin Abagana

Kakata ba ta san boko ba, amma ta yi shekara fiye da arba'in tana ajiye da jaridu a ƙasan adakarta, ƙarƙashin zannuwan aurenta. Da ta rasu aka zo rabon kaya, wata gwaggona ta ce a ba mai ƙosai ya naɗe kayansa. Na ce a ba ni. Guda goma sha ɗaya ne, akasarinsu Gaskiya Ta Fi Kwabo, sai New Nigerian uku, duk na watan Afrilu da Mayu na 1968.

Sai daga baya mahaifina ya faɗa mini dalili. Yayan kakata direban soja ne a runduna ta biyu, wadda Kanar Murtala Muhammed yake jagoranta a yaƙin basasa. Rundunar ta yi ta yunƙurin ƙetare kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca a ƙarshen 1967, abin bai yiwu ba, aka yi asarar rayuka da yawa. Sai suka zagayo ta ƙasa, suka kama Anaca a watan Maris na 1968. Ranar 31 ga watan nan ne sojojin Biyafara, ƙarƙashin Manjo Jonathan Uchendu, suka yi wa ayarin motocin rundunar kwanton ɓauna a Abagana, garin da ke jihar Anambra a yau. Makamin da suka ƙera da kansu, wanda suke kira ogbunigwe, ya sami tankar mai, wuta ta bi motocin ɗaya bayan ɗaya. Tun daga wannan lokaci ba a sake jin ɗuriyar yayan nata ba. Ita kuwa wani ya ce mata wai ana buga sunayen sojoji a jarida, shi ne take aika yaro ya sayo, a karanta mata, ta ninke ta ajiye.

Na karanta su layi-layi, har da tallace-tallace. Ban ga sunansa ba.

To, amma mai karatu, ka san halin ɗalibin harshe. Ina neman suna, sai kalmomi suka riƙe ni. A wannan ɓangare, mutanen Ojukwu 'yan tawaye ne, na Gowon kuwa sojojin tarayya. Da na nuna wa wani abokin karatuna Ibo, wanda ya zo sashenmu koyon Hausa, ya yi shiru, sannan ya ce a gidansu ba a taɓa kiran kakansa ɗan tawaye ba, kuma Abagana a wurinsu labarin nasara ne da tsofaffi suke bayarwa da alfahari. Rana ɗaya ce, hanya ɗaya, gidansu ana murna, gidanmu ana jiran wanda bai dawo ba. Gaskiya ban ji daɗin maganarsa ba a lokacin. Amma shi ne ya raka ni gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Badun, muka wuni muna ɗaukar hoton shafukan Daily Times da waya, kuma shi ya fara gaya mini cewa Biyafara ma tana da tata jaridar, Biafra Sun.

Ajiyar kanta wahala ce. Takardar jarida ba a yi ta don ta daɗe ba, da ta sha rana da iska sai ta yi ja, ta riƙa karyewa a wurin ninki. Na yi wautar manna wata da salatif, bayan 'yan watanni gam ɗin ya bar tabo a kan rubutun, har yau ina jin haushin kaina. Yanzu a shimfiɗe nake ajiye su cikin kwali, farar takarda tsakanin kowace biyu, nesa da bango saboda gara da laimar damina, wadda a nan Kudu ba ta da sauƙi.

Sun kai ashirin da shida yanzu, har da waɗanda wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ya ba ni kyauta a Sabo. Na kwanakin farko na Afrilu 1968 nake nema ido rufe, musamman Gaskiya. Duk ɗalibin da zai je gida hutu, don Allah ya tambayi tsofaffin gidansu kafin a share ɗaki. Ko a yage take ina so, kuma in mai ita ba ya son rabuwa da ita, hoto ma ya ishe ni.