Ƙarfen da ke Cinyar Kakana

Kakana masunci ne. A wani tsibiri na Kogin Kwara aka haife shi. Yana yaro aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci garinsu, aka tashe su zuwa bakin tafki kusa da Yelwa. Tun daga nan ba shi da sana'a sai su.

Da damunar 2022, yana jawo jirginsa gaɓa, sai santsi ya kwashe shi, ƙashin cinyarsa ya karye can sama wajen ƙugu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, abu ya ƙi. Mahaifina ya sayar da shanun huɗa biyu da injin jirgi, aka kai shi asibiti a wani babban gari. Can aka yanke kan ƙashin, aka sa masa na ƙarfe mai doguwar ƙafa, aka cusa ƙafar cikin ramin ɓargo. Malaminmu na kimiyya ya ce wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya kyautata irin wannan aiki wajen 1962.

Da fari murna muka yi ta yi. Amma bayan wata shida na lura in Kaka ya tashi daga tabarma sai ya cije leɓe, ya dafe cinya, ya ɗan tsaya kafin ya taka. Na tsokane shi na ce, "Tsoho, ƙarfen ya yi tsatsa ne?" Ya harare ni ya ce, "Kul ka gaya wa ubanka! Shanu biyu sun isa."

Wata uku ina riƙe da wannan magana, ina ganin biyayya nake yi. Sai da ƙafar ta soma gajarcewa, ɗingishi ya fito fili, sa'an nan na faɗa.

Aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ni ma na bi su. Da likita ya duba hoton ƙashin, ya ce ƙafar ƙarfen ta yi wa ramin siriri. Ya ce, "Baba, ka san fartanya. In tsinin ruwanta bai cika ramin ƙota ba, kowane sara sai ya yi motsi, ramin na ƙara faɗi." Watau ƙarfen da ba a sa masa siminti ba dole ya matse sosai, don ƙashi ya tsiro ya kama shi. In yana motsi, ƙashi ba ya kamawa, sai ƙarfen ya yi ta nutsewa. In kuwa ya yi kauri da yawa, yana iya tsaga ƙashin. Saboda haka ake auna hoton kafin aiki.

Aiki na biyu ya fi na fari wuya da tsada, domin ƙarfen ya riga ya ci ƙashi. Likita ya ce da an zo da wuri, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Jin wannan sai na sunkuyar da kai.

Yau Kaka yana tafiya da sanda, yana gyaran koma a inuwa, amma ya bar shiga ruwa. To, 'yan'uwana ɗalibai, girman kuskuren ba nawa ba ne, amma wata ukun nan nawa ne. Iyayenmu kuma, in an yi wa wani aiki ciwo ya dawo, a koma asibiti tun da wuri. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.