Tamale: Garin Mata Masu Babur da Kwaɗon da Ya Kayar da Mu

Abin da ya fara ɗaukar idona da motarmu ta shiga Tamale da sanyin safiya shi ne wata mata a kan babur. Ta kafa ɗaurin ɗankwali, ga yaro da kayan makaranta a gabanta, ga kwandon tumatir ɗaure a baya. Kafin in taɓo wadda ke kusa da ni in ce ta duba, sai ga ta biyu, ga ta uku, ga wata dattijuwa da hijabi har ƙasa ta wuce mu fiu. Ni da na taso a Kano, inda ko haya da babur an hana tun 2013, kuma da wuya ki ga mace tana tuƙa shi a titi, sai na saki baki ina kallo.

Suna ne ya kai ni. Yaya Ramatu, 'yar wan mahaifina, aure ya kai ta can fiye da shekara 20, yanzu ga shi ta yi jika. Daga Akara muka kwana a hanya, tafiyar kusan kilomita 600, muka bi ta Kumasi da Kintampo, muka haye manyan rassan kogin Volta a Buipe da Yapei. Ƙasar tana ta buɗewa, daji yana raguwa, har sai da na fara ganin kaɗanya da kuka da ɗorawa kamar a hanyar ƙauyenmu.

Tamale ita ce babban birnin yankin Arewacin Ghana, garin Dagomba ne, harshensu Dagbani. Idan an ce miki "Dasiba" da safe, ki amsa da "Naa", kin gama. Amma Bahaushiya ba ta ɓata a garin. A Zango da cikin kasuwa Hausa tana ci, sai dai Hausar tasu ba ta cika raba mace da namiji ba, kina ji za a ce "Hajiya ya zo". Zumuncin tsoho ne, tun zamanin fataken goro da ke zuwa Gwanja, kasuwar Salaga da ke kudu da Tamale. Ko a abinci kin ga shaida: akwai koko da ƙosai, akwai wake da shinkafa da suke kira waakye, tuwonsu ma tuwo zafi suke ce masa.

Babur kuwa a wurinsu ƙafa ne. Malamar makaranta, ma'aikaciyar asibiti, mai sayar da atamfa, kowa da nata. Na Yaya shi ke kai auta Ummi makaranta, shi ke kai sabulun da take yi wa masu shaguna. An taɓa sace mata ɗaya a ƙofar gidan biki, kuma ta ce shekarar nan ba ta so ta tuna ta. Shi ya sa wannan ba ta wasa da tsaronsa. Duk inda ta tsaya sai ta murɗe kansa ta kulle, sannan ta ciro wani ɗan kwaɗo, bai kai tafin hannu ba, ta maƙala a faifan birkin gaba.

Ana gobe suna muka tafi kasuwar Aboabo da hantsi, ita ke tuƙi, Ummi a gaba, ni a baya. Na sayi man kaɗanya mai kyau, na sai wa maigida rigar saƙi irin tasu da ake kira fugu, Yaya ta haɗa kayan miya. Mun fi awa biyu a ciki. Muna fitowa, hannu duk ledoji, wayarta ta yi ƙara: masu girki sun iso gida, babu wanda ya san inda makullin ɗakin ajiya yake. Ta maƙale wayar a kafaɗa tana magana, ta buɗe kan babur, ta ɗora Ummi, ta ce, "Hau mu je, Maman Sadik." Na hau. Ta tayar, ta murɗa totur.

Ba mu yi taku biyu ba na ji ƙwas! Tayar gaba ta tsaya cak kamar ta daki bango, mu kuma muka zube gefen hagu, mu uku da tumatir da man kaɗanya. Abin da na fara ji shi ne kukan Ummi. Leɓenta ya bugi kan babur ya fashe, jini har gaban riga. Ƙafar Yaya tana ƙarƙashin babur, ni gwiwata ta kurje. Mutane suka taso da gudu, wasu na "sannu", wasu na "gaafara", aka ɗaga babur, wata mai gyaɗa ta kawo ruwa ta wanke wa yarinyar baki. Allah Ya taƙaita: haƙori bai fita ba, ƙashi bai karye ba, salansa ta huce saboda daɗewarmu a kasuwa. Amma inda kan Ummi ya sauka bai fi kamu uku da bakin kwalta ba, inda masu adaidaita sahu, da can ake kira yalo-yalo, suke wucewa ba ƙaƙƙautawa. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Yaya ta zauna a ƙasa ta rungume 'yarta, ta kalli tayar gaba, ta ce, "Innalillahi, kwaɗon ne. Ni da hannuna na sa shi."

Wani bakanike da ke tsallaken titi ya tura babur ɗin zuwa rumfarsa, kuma a wurinsa na fahimci abin da ya faru. Faifan birki yana juyawa ne tare da taya, yana ratsawa ta tsakanin wani ƙarfe da ke damƙe shi idan an matsa birki. Kwaɗon yana manne da faifan, don haka taya za ta fara juyawa lafiya lau har sai ya zagayo ya daki ƙarfen nan ko shokozoba. Zagayen taya guda bai kai mita 2 ba. Wannan 'yar tazarar ita ce matsalar, domin ta isa mai tuƙi ta ɗauke ƙafafunta daga ƙasa ta saki jiki. Kullen kai ba ya yin haka, tunda a yawancin babura makulli ɗaya ne ke buɗe shi ya kuma kunna inji. Sarƙa da kwaɗon taya su ne ba su da alaƙa da makullin tayarwa, inji zai tashi ko suna nan ko ba sa nan.

Ya nuna mana faifan ya ɗan lanƙwashe, ya ce sai an canza. Ya ce duk wanda haka ta same shi, ko bai faɗi ba, kada ya kama hanya sai an duba birkin, don lanƙwasasshen faifai yana sa birki ya riƙa kamawa yana saki. Sannan ya ba mu dabaru biyu. Na farko, bayan an maƙala kwaɗon, a ɗan tura babur gaba har kwaɗon ya tokare, ta yadda ko an manta ba zai motsa ba balle ya samu gudun kayar da mutum. Na biyu, akwai wata igiya mai murɗe-murɗe, mai launi mai haske, da ake haɗa ta daga kwaɗon zuwa hannun babur, ido ba zai tsallake ta ba. Yaya ta ce tata ta zo da ita, Ummi ce ta ɗauke tana wasa da ita har ta ɓata.

A daren nan, muna zaune a tsakar gida ana gyaran kayan miya, Yaya ta cire jan ribom daga kan Ummi ta ɗaura a jikin kwaɗon. Ta ce daga yau nan ne gidansa. Idan kwaɗo ya hau taya, ribom ya hau totur. Idan hannunta ya taɓa ribom, ta san da sauran aiki a ƙasa. Ta ƙara da dokoki biyu: ba yaron da zai hau sai ta tura babur da hannu taya ta yi zagaye cikakke, kuma ba za ta sake tayar da shi tana amsa waya ba. Ummi kuma aka ba ta muƙami, duk da kumburarren leɓe. Kafin a ɗora ta sai ta tambaya, "Mma, kin cire?"

Na lura Yaya ba ta ce za ta riƙa tunawa ba. Shekara da shekaru tana tunawa, rana ɗaya ce ta manta, ranar da hidima ta yi yawa. Mu iyaye mata mun san irin wannan rana, ita ce ranar da tukunya ke ƙonewa, ake barin kwalbar magani a inda yaro zai kai hannu. Ba a dogara da ƙwaƙwalwa a irin ranar, sai da abin da ido zai gani ko hannu zai taɓa.

An yi suna lafiya, Yaya tana ɗingishi tana raba waakye. Na dawo Kano da man kaɗanyata da tabon gwiwa. A gidanmu ba ni ke tuƙi ba, amma kullum da safe Baban Sadik ne ke ɗora yara biyu a babur zuwa makaranta, babur ɗin da yake ɗaure wa sarƙa a tayar baya kowane dare, kuma kullum a makare suke fita. Na san gidaje da yawa haka abin yake, ko uba, ko yaya, ko ƙanin miji. Na yanko ƙyalle ja daga ragowar ɗinki na ɗaura masa a sarƙar, na yi masa bayanin inda zai riƙa mayar da shi. Ya yi dariya ya ce shekara nawa yana hawa bai taɓa mantawa ba. Na nuna masa hoton leɓen Ummi a wayata. Bai sake cewa komai ba, ya karɓa.

Yanzu Sadik ne ke tsayawa a bakin zaure da jakarsa a baya, ba ya hawa sai ya ce, "Baba, ka cire?"